Yadda ake kwasar dangi gaba ɗaya zuwa Yankari

Tun da muka dawo daga gandun namun dajin nan na Bauchi ƴan uwa ke ta tambayata yadda muka yi, to ga shi.

1. Ku zaɓi rani, lokacin ne dabbobi ke fitowa neman ruwa.
2. A tara kuɗi hannun mutum ɗaya kafin a tashi. Hattara, wallahi nan ake ɓatawa, wani ya ce in an dawo zai biya shikenan an shiga gaba.
3. Ku kama ɗakuna da wuri.
4. A ba su Hajiya kujerar gaba, hanyar da nisa.
5. Ku kulle abinci a mota, biran wurin har hannun yaro suke fizgewa.
6. A ruwan Wikki, wato ruwan ɗumin da ake wanka a ciki, kowane yaro a haɗa shi da babba, mu namu ya ɓace mana minti kaɗan hankalin kowa ya tashi.