Yadda Ake Rage Jinkiri a Inbata Mai Aiki da Mikrokwantirola

Masu harhaɗa inbata a Bauchi, ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da masu shago duka, sun san wannan matsalar: da an ƙara ƙarfin PI (lissafin da ke gyara kuskuren wutar da ke fita) sai inji ya kama ƙugi, wutar da ke fita ta yi ta rawa. Akan zargi taransifoma, alhali sau da yawa jinkiri ne.

Kwantirola, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa inbata, yana auna karan (yawan wutar da ke gudana), ya yi lissafi, amma sabon umarni ba ya shiga PWM (siginar da ke kunna makunnan wuta tana kashe su da sauri) sai zagaye na gaba. Zagaye ɗaya ya tafi ke nan, PWM ɗin kuma ya ƙara rabi. A 10 kHz zagaye mikrosakan 100 ne, jinkiri ya zama 150. A kan wutar 50 Hz wannan digiri 2.7 ne kacal cikin digiri 360 na cikakken juyinta, shi ya sa ake raina shi. Amma a 1 kHz, inda akan so sarrafa karan ya kai, digiri 54 ne.

Fara da awo. Kunna ƙafa ɗaya ta GPIO (ƙafafun kwantirola na shiga da fitar sigina) a farkon lissafi, ka kashe ta a ƙarshe, ka duba tsawon lokacin a osiloskof, na'urar da ke nuna sigina a allo. In ya gaza mikrosakan 50, ka auna sau biyu a zagaye, a ƙololuwar siginar PWM mai kusurwa uku da kuma gindinta, kana sabunta umarni duk biyun. Jinkiri zai sauka zuwa 75. Bari PWM ya tayar da ADC (sashen da ke mayar da awo zuwa lamba) da kansa, domin a waɗannan wurare biyu ne karan yake daidai matsakaicinsa, nesa da hayaniyar kunnawa da kashewar MOSFET, wato makunnan wutar inbata. Rubutun allo da lissafin batir kuwa, ka fitar da su daga lissafin da ake yi a kowane zagaye.

Duba matatar RC (resista da kafasita masu tace hayaniya) da ke gaban ADC. Resista 1 kΩ da kafasita 100 nF jinkirin kusan mikrosakan 100 ne, ya cinye duk ribar da ka samu. Gwada 1 nF zuwa 10 nF.

Akwai dabarar hasashen karan na zagaye mai zuwa, sai dai ta dogara ga sanin ƙimar kwayil daidai. Idan lodi ya yi nauyi ƙimar takan faɗi, musamman da zafin Afrilu, sai hasashen ya kauce. Kada ka amince da ita sai ka gwada da cikakken lodi, akwati a rufe.