Yadda za ka bambance hip-hop da rap idan ana musu a majalisa

Mutane da yawa in ka ce musu hip-hop, abin da ke faɗo musu a rai shi ne wani gaye da hana-sallah da sarƙa a wuya yana zuba magana da sauri-sauri a kan kiɗa. To wannan da yake yi rap ne, wanda gidajen rediyonmu ke cewa gambarar zamani. Hip-hop ya fi haka faɗi sosai, rap ɗin ɓangare ɗaya ne a cikinsa, kuma ma ba shi ne babba ba a farkon lamarin. Ga yadda za ka rarrabe su da kanka ba sai ka jira wani ya maka fassara ba.

Fara da sanin inda abin ya taso, don duk rikicin daga nan yake warwarewa. Unguwar Bronx ce a birnin New York na Amurka, unguwar talakawa baƙaƙen fata da 'yan Puerto Rico da waɗanda suka zo daga Jamaika, a lokacin da gidaje ke ta ƙonewa, babu aiki, ga ƙungiyoyin 'yan daba ko'ina. Ranar 11 ga Agusta 1973 wata yarinya Cindy Campbell ta haɗa fati a ɗakin taro na benen da suke zaune, lamba 1520 Sedgwick Avenue, don ta tara kuɗin kayan komawa makaranta, yayanta Clive wanda ake kira DJ Kool Herc shi ya saka kiɗa. Herc ya lura cewa masu rawa sun fi haukacewa a daidai wurin da mawaƙi ya yi shiru aka bar ganguna kawai suna tashi, wajen nan gajere ne, daƙiƙu kaɗan ya wuce. Sai ya samo faifai biyu iri ɗaya ya ɗora a kan na'urar juya faifai biyu, in wannan ya ƙare ya koma wancan, haka ya riƙa ja wa wurin gangunan tsawo yadda yake so. Ka lura fa, har yanzu ba mu zo kan mai rap ba. Mai makirfo, irin su Coke La Rock abokin Herc, aikinsa a lokacin ya kira sunayen abokai ya zuga jama'a su taka, kamar sanƙira a gidan biki. Tauraron wurin DJ ne.

Abu na gaba, ka ƙirga hannayen da ke cikin aikin. 'Yan hip-hop na cewa ginshiƙansa huɗu ne: DJ mai sarrafa faifai, MC mai riƙe makirfo, masu rawar birek wato b-boy da b-girl masu juyi a ƙasa da ka da kafaɗa, sai masu zanen girafiti da fentin feshi a bango da jikin jiragen ƙasa. Afrika Bambaataa, wani DJ na Bronx, da ƙungiyarsa ta Zulu Nation suka ƙara na biyar, wai ilimi, sanin kai da tarihi. A cikin duk waɗannan MC kaɗai ke yin rap. Girafiti ma ya girmi fatin Herc, don tun 1971 jaridar New York Times ta yi labarin wani yaro da ke rubuta TAKI 183 a duk inda ya bi a cikin gari. Kenan mutum zai iya ƙare rayuwarsa yana cikin hip-hop tsundum bai taɓa rera baiti ɗaya ba. Kamar dai filin dambe ne, akwai 'yan damben, akwai makaɗa, akwai mawaƙin da ke wasa su, akwai masu kirari, in ka ɗauki kaset ɗin waƙar ka kai gida ka ji daɗinta dai amma ba za ka ce ka je dambe ba.

Yanzu gwajin da na fi so, kuma shi ne mafi sauƙi. In ka ji waƙa ka cire muryar a ranka, ka saurari abin da ya rage. In abin da ya rage ganguna ne da aka yanko daga tsohon faifai ana maimaita su, ko ƙarar nan ta karce faifai da hannu da ake danganta ƙirƙirarta ga Grand Wizzard Theodore, to kana cikin gidan hip-hop ko da babu mai magana. J Dilla, wani mai haɗa kiɗa a Amurka, ya fitar da kundinsa Donuts a 2006, kiɗa ne zalla da gutsattsarin muryoyin tsoffin faifai, ba mai rap a kai, kuma babu wanda ya isa ya ce ba hip-hop ba ne. Sai ka juya gwajin. In ka cire muryar ka tarar da jita ta rok ko kiɗan tallan lemo, to rap aka yi amma ba lallai hip-hop ba ne. Ƙungiyar Blondie 'yan rok ne, sun saka rap a waƙarsu Rapture da ta kai lamba ɗaya a Amurka a 1981, Linkin Park ma haka suka riƙa haɗawa daga baya. Rap salon furta magana ne a kan kiɗa da ƙafiya da auna numfashi, kowa na iya ɗaukarsa ya kai inda ya ga dama, har mai tallan maganin sauro.

To me ya sa rap ya shanye sunan gaba ɗaya? Kuɗi ne wallahi, ba wani abu ba. Ana iya saka murya a faifai a sayar, amma ya za ka sayar da juyin da yaro ke yi a kan kwali a bakin titi, ko zanen da ke jikin jirgin da hukuma ke neman wanda ya yi ta kama? A 1979 Sylvia Robinson ta kamfanin Sugar Hill Records ta haɗa wasu samari uku a New Jersey suka yi Rapper's Delight, waƙar ta zagaya duniya, alhali samarin ba su ne manyan da ake ji da su a Bronx ba, abin ya ba 'yan unguwa haushi ba kaɗan ba. A 1982 aka fitar da The Message da sunan Grandmaster Flash and the Furious Five, amma muryar Melle Mel ce mutane suka riƙe, shi Flash ɗin da yake DJ kusan ba a sa hannunsa a aikin ba. Daga nan DJ ya koma baya mai makirfo ya dawo gaba. Girafitin jirage kuma hukumar sufurin New York ta yi ta yaƙarsa har a 1989 ta ce ta gama da shi. Rawar birek ta yi tashe ta lafa, ta je ta yi ƙarfi a Faransa da Koriya ta Kudu da Japan, har ta shiga gasar Olamfik ta Paris a 2024, inda ɗan Kanada Phil Wizard da 'yar Japan Ami suka ɗauki zinare. Ba wanda ya ba su makirfo, kuma hip-hop suka yi.

A nan wajenmu, gaskiya abin da ya fi isowa rap ɗin ne. Su Classiq da Morell da DJ AB da B.O.C Madaki, da su Kaidan Gaskiya a Nijar, ƙarfinsu a baki yake da iya sarrafa Hausa, kuma ba aibu ba ne don al'ummar da ta saba da kirari da zambo da habaici ba za ta sha wahalar karɓar wannan ba. Amma ni a ganina in mutum zai ce shi ɗan hip-hop ne, ya kamata a ce ya san wanda ya haɗa masa kiɗan da kuma daga ina aka yanko shi, ba wai ya sauke kiɗa a intanet ya hau kai kawai ba.

Wajen magana kuma ga yadda za ka yi. In kana zancen baitoci da ƙafiya da wa ya fi wa iya jera kalmomi, ce rap. In kana zancen taron gaba ɗaya, da rawa da zane da sutura da gasar da ake yi tsakanin unguwa da unguwa, ce hip-hop. In ka ga kantin waƙa na intanet ya rubuta su tare a layi ɗaya kar ka ɗaga hankalinka, 'yan kasuwa ne suke sauƙaƙa wa kansu jeri. Akwai masu cewa wai hip-hop shi ne mai ma'ana da wa'azi, rap kuma shi ne na batsa da kuɗi da mata, wannan rabon ban yarda da shi ba sam, don Kendrick Lamar da ya ci babbar kyautar nan ta Amurka, Pulitzer, a fannin waƙa a 2018 rap yake yi, kuma fatin farko na Bronx ɗin ma rawa aka je yi ba lacca ba.

In kana da data ka nemi bidiyon gasar DJ ta DMC ko gasar birek ta Red Bull BC One ka kalli ko minti goma ne, sannan ka kunna waƙar rap ɗin da ka fi so ka gwada cire muryar a kai.