Yadda na gyara shaƙewar babur a doguwar tafiya

Babur ɗina in ya yi zafi a kan hanya sai ya riƙa shaƙewa, musamman bayan ruwan sama. Na wanke kafireto, na sa fulogi mai tsada na iridiyom (wani ƙarfe mai ƙarko), duk a banza.

Ashe hular fulogin, wadda ke haɗa waya da kan fulogi, ita ce ta tsage, wuta na zurarewa. Na auna ta da mitar gwajin wuta: maimakon kusan ohm 5,000 (ohm ma'aunin tirjiya ga wuta ne), ba ta karanta komai. Na sauya hular, na mayar da fulogi na gama-gari mai lambar da littafin babur ɗin ya faɗa, na daidaita tazarar bakinsa zuwa milimita 0.8, na ɗaure fulogin lokacin da injin ya yi sanyi.

Alhamdulillahi, shaƙewa ta ɗauke. Fulogin iridiyom ya fi daɗewa bai cinye ba, amma ƙarfin gudu ban ji bambanci ba.