Yadda ake haɗa wa ragon layya abinci kada fitsari ya toshe masa

Duk shekara a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi labarin ɗaya ne: sabon mai kiwo ya ɗaure rago, ya yi ta ɗura masa dusa, rago ya yi ɓul-ɓul, ana saura kwanaki Sallah ya kasa fitsari. Dusar ce ta jawo.

Fara da rage ta. Dusar alkama cike take da sinadarin fosfaras, kusan kashi 1 cikin 100, kalsiyam ɗinta kuwa bai taka kara ya karya ba. Kaza ba ta iya cin moriyar yawancin fosfaras ɗin dusa, amma ƙwayoyin halittar da ke tumbin rago suna warware shi, jiki ya tsotse. Abin da ya yi yawa sai ya bi fitsari, ya dunƙule ya zama tsakuwa, ga mafitar fitsarin rago siririya. Jikinsa na son kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. Babban rago ba na ba shi fiye da rabin kilo a rana, rabi da safe rabi da yamma.

Sannan harawa, ta gyaɗa ko ta wake, ita ce ke kawo kalsiyam. Wadda ake saukowa da ita daga arewa tana da tsada a Kumasi, amma asarar rago ta fi. Ba shi ita kafin dusa. Tuƙa tana sa yawu ya yawaita, yawun kuma shi ke kwashe rarar fosfaras ya fitar ta kashi. Ɓawon rogo cika ciki ne, ba ya maye gurbinta.

A kowane kilo 10 na dusa zuba giram 200 na niƙaƙƙen ɓawon kawa ko garin laimiston (dutsen farar ƙasa), wanda masu haɗa abincin kaji ke sayarwa. Cuɗa da hannu har ƙasan kwano, don garin yakan kwanta. Ban da garin ƙashi, shi ma fosfaras gare shi. Kanwa kuma kada a ba shi, tana sa tsakuwar saurin haɗuwa.

Gishiri kaɗan don ya sha ruwa, ruwan kuma kada ya yanke, dare da rana.

In ka ga yana yunƙuri, yana kaɗa wutsiya, fitsari na ɗiga, ko gashin gabansa ya yi fari-fari kamar yashi, janye dusa ka kira likitan dabbobi a ranar. Mafitsara na iya fashewa cikin kwana biyu.