Yadda Ake Jinyar Zazzaɓi, Gudawa da Mura a Gida, da Lokacin da Za a Nufi Asibiti

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, a gida jinya take farawa. Kafin ma'aikacin lafiya ya ga yaro, uwa ta riga ta taɓa goshinsa, kaka ta faɗi abin da take zato, an kuma aiki yayansa kemis. Wannan ba laifi ba ne, don yawancin mura da gudawa a gida suke warkewa. Inda ake asara shi ne a yi ta jinyar gida alhali ciwon ya riga ya fi ƙarfin gida. Ga yadda za a bi abin daki-daki.

Mataki na farko: tanadi tun ana lafiya

A ajiye farasitamol na yara da na manya, ledar ORS (garin gishiri da sukari na mai gudawa) uku ko huɗu, ƙwayar zinki, da sabulu. In da hali a ƙara da ma'aunin zafin jiki. A sa su cikin gwangwani mai murfi, a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Akwai tanadin da ya fi wannan, kuma na maigida ne. Ka gaya wa iyalinka tun yau cewa in ta ga alamar hatsari a jikin yaro, ta tafi asibiti ko kana gona, ko kana cin rani a Legas. Ka bar mata kuɗin babur da lambar ɗan acaɓan da zai ɗaga waya ko da tsakar dare. Jiran izini da neman kuɗin hanya su ne suke cinye yinin da ya kamata a ce yaro yana hannun likita.

Mataki na biyu: in jiki ya yi zafi

A rage wa yaro kaya, a daina lulluɓe shi da bargo wai don ya yi gumi. A goge masa jiki da tsumma da ruwa mai ɗan ɗumi, ba ruwan randa mai sanyi ba. A ba shi farasitamol daidai shekarunsa kamar yadda aka rubuta a jikin kwalbar, bayan kowace awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini da kwana. Ba a ba yaro asfirin. Nono da ruwa da kunu kuwa a yi ta ba shi.

Farasitamol zafi kawai yake saukarwa, ba ya kashe ƙwayar maleriya. Saboda haka a ranar, ko washegari da sassafe, a kai shi asibitin sha-ka-tafi a yi gwajin jinin yatsa, wanda sakamakonsa ke fitowa cikin minti 15 zuwa 20. In maleriya ce, maganin da ake bayarwa yanzu shi ne ACT, irin su Coartem: sha 6 cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, kuma ya fi aiki in an sha da madara ko abinci mai maiƙo. Yaro zai iya miƙewa yana wasa a rana ta biyu, uwa ta ce ai ya warke, ta ɓoye sauran don gaba. Kada a yi haka, a shanye duka. Kulorokwin da muka taso da shi an daina dogaro da shi, don ƙwayar cutar ta saba da shi. In kuma gwaji ya nuna ba maleriya ba ce, kada a matsa sai an yi allura, a bari ma'aikaci ya nemo dalilin zafin.

Da damina, masu bi gida-gida da maganin kariya daga maleriya na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 su ne suke ba da shan ranar farko. Na rana ta biyu da ta uku yana hannun uwa, kuma a nan ake yawan mantuwa.

Mataki na uku: gudawa

A nan zan ɗan daɗe, don nan aka fi yin sakaci. Da yaro ya fara zawo sai ka ji an ce, “Haƙori ne yake fitarwa, zai wuce.” Lokacin fitar haƙori shi ne lokacin da yaro yake rarrafe yana kai komai baki, daga ƙasa har kashin kaji, ƙazantar ce take jawo gudawar. Abin da yake halaka yaro kuma ƙarewar ruwan jiki ne, don haka aikin farko shi ne mayar da ruwan.

A wanke hannu da sabulu. A zuba ledar ORS ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, amma a duba jikin ledar, ita za ta faɗi yawan ruwan. Ledar fiya-wata biyu lita ɗaya ke nan. In ruwan rijiya ne a tafasa shi ya huce. In babu ORS, a haɗa ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo, cikin lita ɗaya. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya fi na hawaye. Gishiri in ya yi yawa illa yake yi.

Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, da cokali, kaɗan-kaɗan. Wanda ya fi haka, rabin kofi zuwa kofi guda. In ya yi amai a dakata minti 10, a ci gaba a hankali. Abin da ya kai awa 24 da haɗawa a zubar a sake sabo. Sai zinki: ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin ƙwaya ga jaririn da bai kai wata 6 ba, a narka a cikin nonon uwa. Ko gudawar ta tsaya a ƙarasa.

Kada a hana shi nono ko abinci wai don ciki ya huta. Kafso mai ja da yalo da filajin da ake saya a kemis a ɗura wa yaro, yawancin gudawa ba ta bukatarsu, sai in ma'aikacin lafiya ne ya rubuta.

Mataki na huɗu: mura da tari

Da hunturu kusan kowane gida akwai mai tari. Ruwan ɗumi, zuma da lemon tsami, da nisantar hayaƙin murhu sun isa. Jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma. Abin lura shi ne numfashi. A bari yaro ya natsu, a ɗage rigarsa, a saita agogon waya minti ɗaya, a ƙirga sau nawa ƙirjinsa ya ɗaga. In ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa shekara ɗaya, ko 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa 5, ana zargin namoniya, sai asibiti. Babba ko yaro, tarin da ya kai mako 2 a je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Ciwon maƙogwaro da zazzaɓi kada a kai wa wanzami a ce belu ne. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 da haka yake farawa, sai wani abu fari-fari ya lulluɓe maƙogwaro, wuya ya kumbura.

Mataki na biyar: alamomin da ba a kwana da su

Yaron da ya kasa kama nono ko shan ruwa, ko komai ya sha sai ya amayar, ko ya yi laƙwas ana tashinsa da ƙyar, a tafi da shi a lokacin. Haka nan in ƙasan haƙarƙarinsa yana lomawa ciki duk sanda ya ja numfashi, in idonsa ya zurma, maɗigarsa ta faɗa, ko aka ja fatar cikinsa da yatsu biyu aka saki ta daɗe ba ta koma ba. Jini a bayan gida, tafin hannu ya yi fari fat, ido ya yi rawaya, ƙafafu biyu su kumbura, duk na asibiti ne. Lokacin zafi, zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a ɗauka sanƙarau ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Zawo mai kama da ruwan wankin shinkafa haɗe da amai, musamman in ya kama mutum fiye da ɗaya a unguwa, kwalara ake tsoro, kuma tana iya ƙarar da ƙato cikin yini guda.

Mutum uku ba a yi musu jinyar zazzaɓi a gida ko kaɗan: jaririn da bai kai wata 2 ba, mai juna biyu, da mai sikila.

In yaro ya fara jijjiga, a kwantar da shi a gefensa, a kawar da abin da zai buge shi. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, zai iya shaƙewa. Addu'a a yi ta a kan hanya.

Da za a fita, a ɗauki katin rigakafinsa da kwalabe da ledojin duk maganin da aka ba shi, har na gargajiya, don likita ya san abin da ya sha. Mai gudawa a riƙa kurɓa masa ORS a hanya in yana iya haɗiya. In ƙaramin asibiti ya rubuta takardar turawa babban asibitin Haɗeja, Gumel, Wudil ko Bichi, a wuce a ranar, kada a koma gida a ce sai an yi shawara.