Yadda ake ceto bishiya idan ganyenta ya fara yin ɗorawa da zafin bazara

Duk shekara da zarar an shiga ƙarshen Maris zuwa Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a nan wajenmu, sai ka ji mutane na kukan abu ɗaya, wai dashen mangwarona ganyensa ya koma ruwan ɗorawa, wai lemona yana kaɗewa, ko wane magani zan fesa. Ni ma na sha wannan, shekarar farko da na dasa mangwaro mai aure guda 6 a bayan gida a ƙauyenmu ta wajen Ɗambatta, 4 suka mutu a hannuna ina ji ina gani, kuma ba rana ce kaɗai ta kashe su ba, abin da na yi musu da sunan taimako shi ya ƙarasa su. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda nake yi yanzu ko wani zai amfana.

Da farko ka gane me ke faruwa a jikin ganyen. Koren nan da kake gani wani sinadari ne da bishiya ke haɗa abincinta da shi daga hasken rana, kuma ganye yana da wasu ƴan ƙofofi ƙanana da ido baya gani, ta nan ruwa ke fita kamar gumi yana sanyaya shi. To idan zafi ya yi yawa ƙasa ta bushe, ruwan da ke fita ta sama ya fi wanda saiwa ke jawowa, sai bishiyar ta rufe ƙofofin nan dan ta tsimi ruwa, ganyen ya yi zafi, koren ya fara lalacewa, ɗorawar da dama tana ƙarƙashi a ɓoye ta bayyana. Daga nan sai ta fara sauke tsofaffin ganye dan ta rage masu sha. Kaga kenan sau da yawa ba cuta bace, bishiyar ce ke rage kaya dan ta kai damina da ranta.

Kafin ka taɓa komai, duba wace bishiya ce tukunna. Kuka dama tsirara take yin rani, sai dab da damina ta yi toho, babu abin damuwa. Gawo kuwa akasin kowa yake, da rani yake kore shar, damina na sauka ya kaɗe, shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa. Darbejiya takan zubar da ganye da yawa wajen ƙarshen hunturu ta sake sabo. Tsohuwar tsamiya ko babban mangwaron da kakanka ya dasa, saiwarsu ta yi nisa, ko sun ɗan yi ɗorawa ba inda za su. Wanda nake magana a kai shi ne dashen da bai wuce shekara 3 ba, mangwaro, gwaiba, lemo, kashu, da duk abin da aka raba maka a leda lokacin gangamin dashen itatuwa, su ne saiwarsu ke sama sama inda ƙasa ta fi ɗaukar zafi.

Abu na gaba, ka je wajenta da sassafe bayan sallar asuba, kar ka yanke hukunci da tsakar rana domin da azahar kowane ganye yaushi yake yi. Idan da safe ganyen ya miƙe ya warware, da sauran ƙarfinta. Idan kuwa har da safe yana lanƙwashe a naɗe, to ƙishin ya kai mata. Sai ka ɗauki fartanya ka ɗan tona gefe, kamar taku ɗaya daga gindin, zurfin taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, ka damƙi ƙasar a hannunka. In ta dunƙule ta tsaya akwai laima. In ta zube ta tsakanin yatsunka kamar gari babu ruwa a wajen. In kuma ta yi caɓi tana maƙalewa har da ɗan wari, to ruwa ne ya yi yawa, kuma wallahi wannan ma yana sa ganye ɗorawa iri ɗaya sak da na ƙishi, saboda saiwa ita ma iska take shaƙa, in ruwa ya kwanta mata ruɓewa take. Masu dasa bishiya a bakin kwata ko kusa da tuƙa-tuƙa inda ruwa ke kwanciya su suka fi gamuwa da wannan.

Daga nan sai ka karanta ganyen da kansa, domin yana faɗa maka abin da ke damunsa in ka lura. Idan na ƙasa ne tsofaffi suka yi ɗorawa suna zuba, na sama suna nan kore, yawanci ƙishi ne ko ƙarancin taki. Idan bakin ganyen ne ya ƙone ya yi ja ja kamar an kara shi a wuta musamman ta ɓangaren yamma, rana ce da iskar nan mai zafi, ko kuma gishirin taki. Idan sabon toho ne ke fitowa fari fari amma jijiyoyin ganyen na nan kore, wanda an fi gani a lemo, wannan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma yawan jibga toka a gindi yana ƙara shi. Ka juya bayan ganyen ma ka duba, in ka ga wani farin abu kamar auduga ko danƙo danƙo irin na darɓa da tururuwa na hawa da sauka, ƙwari ne. Sannan ka dubi jikin itacen daga ƙasa, in ka ga an yi masa yaɓe da jar ƙasa gara ce, ita kam ta fi son bishiyar da ƙishi ya riga ya galabaitar.

To yanzu ban ruwa, nan ne maganar take. Ni abin da na riƙa yi a da shi ne kullum in na yi alwala sai in juye ragowar buta a gindi, yara ma kowa ya zo ya tsiyaya kofi ɗaya, ina ganin ai kullum suna shan ruwa. Ranar da kawuna ya zo wucewa ya tsaya ya dube su, sai ya sa sandarsa ya caka a gindin ɗaya ya zaro ya nuna min, iya kan sandar ne ya jiƙe bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ƙasa duk ƙura. Ya ce ɗana, wannan ba ban ruwa kake ba, wanke mata ƙafa kake. Na ce Kawu ai kullum ake zubawa. Ya ce gara ka ba ta ta ƙoshi sau biyu a sati da ka riƙa lasa mata kullum, ruwan da bai sauka ba rana ce ke shanye shi kafin walaha, saiwar kuma sai ta taso sama tana binsa ta ƙone.

Ga yadda nake yi yanzu. Na kan yi mata kwari zagaye da gindin, faɗinsa daidai inda inuwarta ke tsayawa da tsakar rana domin ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa a can gefe suke ba a jikin itacen ba, sai in ɗaga masa baki da ƙasa yadda ruwa ba zai gudu ba, in kuma bar ɗan tudu a tsakiya a jikin itacen dan kar ruwa ya riƙa kwanciya a wuyansa. Lemo musamman baya son wannan, sai ka ga wuyan ya fara tsatso ƙaro ɓawon yana ruɓewa. Sai in kawo jarka ɗaya mai lita 25 in zuba a hankali, rabi tukunna, in jira ya tsotse sannan in ƙarasa. A ƙasarmu ta rairayi duk bayan kwana 3 nake yi wa ƙaramin dashe haka, amma wanda ke ƙasar laka irin ta fadama zai iya kai kwana 5 zuwa sati, ka dai riƙa tonawa kana dubawa kar ka bi lissafi ido rufe. Lokacin kuma bayan la'asar sakaliya ko da asuba, ruwan ya samu ya sauka kafin rana ta ɗaga.

Na san ruwa tsada yake a bazara, rijiyoyi sun ja baya, wani sai ya tura kura ko ya ɗaura amalanke ya yi tafiya kafin ya samu, ga dabbobi ga girki. In haka ne to ka nemi tsohon tulu na ƙasa wanda ba a shafe shi da siminti ko fenti ba, ka binne shi har wuya kamar taku ɗaya daga gindin, ka cika shi ka rufe bakin da fai-fai ko fasasshen kwano saboda sauro. Tulu yana tsatsa a hankali ta jikinsa, ruwan kai tsaye wajen saiwa yake zuwa babu rabon rana. Wanda bai da tulu ya huda gindin robar lemo babba da allura mai zafi waje 3 ko 4 ya binne, ita ma tana yi, sai dai tana saurin ƙarewa kuma hujin kan toshe. Ruwan alwala da na ɗauraye hatsi duk a tara a bokiti a kai mata lokaci ɗaya. Ruwan wanki mai omo da bilic kam dan Allah a nisanta shi da dashe.

Bayan ka ba ta ruwa sai ka lulluɓe ƙasar, wannan shi ne abin da mutane suka fi rainawa alhali shi ke riƙe rabin aikin. Ka taka rairayi da ƙafa ba takalmi da ƙarfe 2 na rana a Afrilu ka ji, to haka saiwar ke ji. Ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, buntun shinkafa, busasshen ganyen darbejiya, karan da aka sassara, duk abin da ke hannunka, ka shimfiɗa kaurin yatsu 4 a cikin kwarin. Ni ranar da na fara yi na ɗaga ɓawon gyaɗar bayan kwana 3 na sa hannu, ƙasar sanyi ƙalau da laimarta, taku biyu daga wajen kuwa ba ka iya dafa ta. Amma ka bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin lulluɓin da jikin itacen, in ka haɗe su ka yi wa gara tsani. In ma gara ta riga ta hau, ka kankare yaɓen da hannu ko ɗan kara, ka barbaɗa toka kaɗan a zagaye, kaɗan fa na ce, ka kuma riƙa leƙawa duk kwana biyu.

Wanda bai kai shekara ba sai an yi masa inuwa. Ka kafa sanduna ka ɗaura tsohuwar zana ko buhu ta yamma da ɗan sama, yadda ranar azahar zuwa la'asar ba za ta dake shi ba amma iska na shiga kuma yana samun ta safe. Kar ka kife shi da leda ko ka jingina masa kwanon rufi, dafa shi za ka yi. Ka kuma ƙarfafa shingen ƙaya domin a wannan lokacin akuya duk abin da ta gani kore nata ne, ɗan ganyen da ya rage ta zo ta ƙarasa.

Sai abin da ba a yi, kuma shi ya kashe min nawa. Da na ga ɗorawa na ɗauka yunwa ce, na samo ragowar yuriya na damina na zuba musu cikin tafi ɗaya ɗaya a busasshiyar ƙasa, cikin sati ganyen ya ƙone ƙurmus. Takin zamani gishiri ne, in babu wadataccen ruwa shi ke jawo ruwa daga saiwa maimakon ya ba ta. Ɗanyen kashin kaji ma haka yake ƙonawa. Feshin magani da rana tsaka shi ma yana ƙona ganye, kuma in ba ƙwaro ka gani da idonka ba me za ka fesa wa. In ƙwarin ne da gaske kuma sun yi yawa, ka tsinki ganyen ka kai wa malamin gona na KNARDA ko JARDA, wato hukumomin bunƙasa aikin gona na jihohin Kano da Jigawa, ya gani kafin ka sayi komai a kasuwa. Sannan kar ka hau ta da adda wai kana rage mata nauyi, ganyen da ya rage shi ke yi wa reshe inuwa, kuma kar ka ce za ka cire ta ka canza mata waje yanzu. In ƙaramin dashe ya yi huda ko ya ɗaura ƴaƴa a wannan halin, ka daure ka tsinke su, na san da ciwo amma ba zai iya ɗaukar nauyin biyu ba.

In ganye ya riga ya kaɗe tas kar ka yi saurin tumɓukewa. Sa farce ka ɗan kankari ɓawon reshe, in ka ga kore da danshi a ciki tana da rai, ci gaba da ban ruwa amma ka rage yawansa tunda babu ganyen da zai sha. In ya bushe yana karyewa ƙas sai ka sauko ƙasa ƙasa kana gwadawa har ka iske inda ke da rai. Ga masu mangwaro mai aure, ku lura da inda sabon tohon ya fito, in ta saman ɗaurin auren ne alhamdulillahi, in kuwa ta ƙasansa ne to uwar ce ta farfaɗo ba irin da ka saya ba, sai dai in ta yi ƙarfi a sake yi mata aure. Ganyen da ya riga ya yi ɗorawa shi kam ba ya komawa kore, kar ka tsaya jiransa, sabon toho za ka sa wa ido, ni nawa sukan nuna cikin sati 2 zuwa 3.

Kuma ruwan farko na Mayu kar ya ruɗe ka ka ajiye jarka, sau nawa ake yin ruwa ɗaya a ɗauke sati biyu ko uku a dawo da zafin da ya fi na baya. Ka ci gaba da tonawa kana dubawa har sai damina ta zauna sosai wajen ƙarshen Yuni ko Yuli, lokacin ne za ka kawo ruɓaɓɓen takin gida wanda ya daɗe a juji, ka zuba a bakin kwarin nesa da gindi, ka buɗe wa kwarin hanya ta gefe ɗaya dan kar ruwan Agusta ya kwanta mata, sannan ka cire zanar.