Darasi na Bakwai: Dokin Ƙarfe da Yadda Ake Kiwonsa

A garuruwanmu na Kabi, daga Argungu zuwa Jega, daga Aliero zuwa Bunza, da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga keke jingine a bakin zaure ba. Manomi ya hau zuwa fadamar shinkafa, mai albasa ya ɗaura masa buhu ranar kasuwa, ɗan makaranta ya goya ƙanensa. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, wasu da suka jefar da kekunansu a rumfa saboda babur sun koma sun kakkaɓe musu ƙura. Akwai kuma masu hawa don jin daɗi da motsa jini, har da dattawan da likita ya ce su riƙa yin zufa saboda hawan jini ko ciwon sukari.

Iyayenmu suka sa masa suna dokin ƙarfe. Ba ya cin dusa, ba ya neman harawa, amma shi ma yana son kiwo. Yawancin kekunan da na ga sun mutu, sakaci ne ya kashe su tun kafin hawa ya tsufar da su.

Rubutun da ke jikin keke

Kafin mu taɓa sifana, bari mu yi karatu, tunda shi ya tara mu. Durƙusa ka dubi gefen tayarka. Za ka ga lambobi a jikin robar. A manyan kekunan da muka saba da su, irin Raleigh na Ingila da Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya, yawanci za ka ga 28 x 1½. Lambar farko tsayin taya ce daga ƙasa zuwa sama, ta biyu kuma kaurinta. Kekuna masu giya da samari ke so, da yawansu 26 ne, na yara kuma 20 ko 16. Wanda ya iya karanta wannan ba zai je kasuwar Jega ya sayo tiyub ɗin 26 ya zo yana kokawa da tayar 28 ba. Rubuta lambar a takarda, ka sa a aljihu.

Akwai wani rubutun a gindin feda, inda ake ɗaure ta. Ɗaya tana da harafin R, ɗaya tana da L. Mai R ta ƙafar dama ce, mai L ta hagu. Ta dama ana ɗaure ta kamar kowane noti, zuwa dama. Ta hagu kuwa a baibai take: zuwa hagu ake ɗaure ta, zuwa dama ake kwancewa. An yi haka ne don kada tuƙi ya riƙa sassauta ta. Na ga ƙato ya yi ta murɗa fedar hagu yana zufa yana zagin maƙera, har ya cinye zaren ƙarfen, alhali harafi ɗaya ne bai karanta ba. Sifana mai lamba 15 ita ke kama feda, ita kuma ke kama notin wili a mafi yawan kekuna. In kuɗinka na sifana ɗaya ne, ita za ka saya.

Iska da ƙaya

Kowace safiya, kafin ka ɗora ƙafa, danna taya da babban yatsa. In ta lotsa, ba ta iska. Taya mai ƙarancin iska tana sa tuƙi ya yi nauyi, tana tsagewa ta gefe, kuma da ka faɗa rami sai ƙarfen wili ya cije tiyub. Alamar wannan ita ce huji biyu kusa da juna, kamar saran maciji. In ka ga haka kada ka ɗora wa ƙaya laifi, laifin famfo ne da ba a taɓa ba. Da bazara kuma kada ka cika ta tam ka bar keken a tsakar rana, domin iska tana kumbura in ta sha zafi. Nemi inuwar darbejiya.

Ƙaya dai ita ce kishiyar mai keke a ƙasar nan. Ga tsaidau da ke shimfiɗe a gefen hanya, ga ƙayar aduwa da ta magarya a burtali, ga shingen gona da iska ta watsar. Saboda haka ya kamata kowa ya iya faci da hannunsa, ko da yana da mai gyara a ƙofar gida.

Wata rana na zauna wurin wani dattijo mai gyaran keke, sai ga yaro ya turo nasa.

"Baba, jiya na yi faci, yau ta sake sacewa."

"Ka shafa cikin tayar kafin ka mayar?"

"A'a, Baba."

"To ai ɓarawon yana ciki, ɗana. Ka toshe ƙofa ka bar shi a ɗaka."

Dattijon ya sa yatsa a hankali ya zagaya cikin taya, sai ga guntuwar ƙaya a tsaye.

Ga yadda ake yi. Fara da bawul: ɗiga masa yawu, in ya yi kumfa to matsalar a nan take, sau da yawa 'yar robar bawul ce ta tsufa, canji kawai take so. In bawul lafiya lau, zaro tiyub, ba shi iska kaɗan, ka bi shi cikin kwanon ruwa har ka ga inda ƙwayoyin iska ke tashi. Sa alama. Tsane wurin ya bushe sarai, ka goge shi da takarda mai kaushi. Shafa sholisho siriri, faɗinsa ya ɗan wuce facin. Daga nan sai haƙuri, kuma a nan ne mutane ke faɗuwa: jira kamar minti 5 har sholishon ya daina sheƙi. Wanda ya manna faci a kan ɗanyen sholisho zai sake zama gobe. Manna, ka danne da ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe. Shafa cikin taya kamar yadda Baba ya yi, ka duba ko robar da ke rufe kawunan sifok tana nan daidai. Wajen mayarwa yi amfani da hannu gwargwadon iko, domin bakin sukudireba yana huda tiyub.

Tiyub ɗin da faci ya hau kan faci ya gama aikinsa. Yanka shi, zai yi maka ɗaurin kaya a kariya.

Sarƙa da ƙurar hunturu

Sarƙa tana magana. In ka ji tana ƙiiƙii, ƙishirwa take ji. Amma a nan akwai kuskuren da kusan kowa ke yi, wato a kwarara mata baƙin mai har yana ɗiga. Baƙin mai ya riga ya kwaso dattin inji, kuma da iskar hunturu ta taso sai ƙura ta manne masa, su haɗu su zama kamar dutsen wasa wuƙa, suna cin sarƙa da haƙoran firiwil, wato ƙarfen wilin baya da sarƙa ke ja. Ni dai ba na sa shi sai in babu yadda zan yi.

Wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka goge da tsumma. Sannan ka ɗiga sabon man inji kaɗan kaɗan kana juya feda baya. Bayan nan sake gogewa, domin man da ke ciki shi ke aiki, na waje ƙura kawai yake kira. Da hunturu da damina yi haka duk mako ko mako biyu. A keken da ba shi da giya, ɗaga sarƙa da yatsa a tsakiya: ta motsa kamar faɗin yatsa ɗaya. In ta fi haka za ta riƙa zamewa, sai a sassauta notin wilin baya a ja shi kaɗan.

Boris, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da ke cikin wili da gindin feda, giris suke so. Kama wili ka girgiza shi gefe da gefe, in yana kaɗawa kai wa mai gyara. Haka ma in sifok ya karye, kada ka ce ai ɗaya ne. Nauyinsa zai koma kan maƙwabtansa, su ma su bi shi, wili ya karkace.

Birki

Matsa birkin gaba ka tura keke, matsa na baya ka tura. Kowanne ya kama tun hannun birkin bai taɓa kan keke ba. Robar birki in ta cinye, ƙarfe ne zai riƙa gugar wili. Kada mai ya taɓa ta. Da damina, wilin ƙarfe in ya jiƙe birki ba ya kamawa da wuri, sai ka fara matsawa tun daga nesa. A cikin rairayi kuma kada ka damƙe na gaba shi kaɗai, zai kayar da kai. Masu tsayar da keke da silifa, Allah ya shirye ku.

A kan hanya

Tsayin sirdi ya fi komai shafar gwiwa. Zauna, ɗora diddige a kan feda tana ƙasa. In ƙafarka ta miƙe daidai, sirdi ya yi. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ke sa dattijo ya ce keke ya kashe masa gwiwa.

Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kuma mai keke ma dokar ta hau kansa. Bi gefen dama, kada ka fuskanci motoci don wai kana son ganinsu. Kafin ka juya, waiga, ka miƙa hannun ɓangaren da za ka bi. Babbar mota in za ta sha kwana, ja da baya ka ba ta wuri, direban ba ya ganinka ta gefensa. Da dare sa fitila a gaba da ja a baya, ka sa tufa mai haske. Naɗe ƙafar wando, tattare babbar riga, 'yan mata masu zuwa Islamiyya kuma a tattare musu hijabi kada ya shiga sifok. Yaron da aka goya, a tabbata ƙafarsa tana da wurin takawa. Mai hawa babban titi, musamman mai keken gudu, ya nemi hular kwano.

Wanda ke hawa don lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Minti 30 sau 5 ke nan. Bayan asuba ko bayan la'asar ya fi, da gorar ruwa a kariya. Fara da zagayen gari, ka ƙara a hankali. In kun haɗu ku uku ko huɗu tafiya ta fi daɗi, kuma a zamanin nan bai kamata mutum ya yi nisa cikin daji shi kaɗai ba. Mai ciwon zuciya ya tambayi likita tukuna.

Aikin gida

Kwafo lambobin da ke jikin tayar kekenka ko na maƙwabci, ka zo da su aji. Nemo R da L a jikin feda, ka rubuta wanne ne dama. Sannan ka lissafa: mutumin da ke hawa minti 25 kullum ban da Juma'a, minti nawa ya yi a mako, kuma ya kai 150? Ranar darasi na gaba, duk mai tsohon tiyub ya zo da shi, za mu yi faci a tsakar aji.